Jirgi Ya Ɗaga, Littafi Ya Ƙare: To, Yaran Fa?

Mai karatu, in kana cikin masu bin littattafan da ake yayi, ko na takarda ko waɗanda ake turowa ta waya shafi-shafi, na tabbata ka san irin ƙarshen labarin da zan yi magana a kai. An sha gwagwarmaya, kishiya ta tuba ko an kore ta, uwar miji ta gane kurenta, asirin boka ya tonu. Sai kawai Alhaji ko Dokta ya shigo da ambulan a hannu yana murmushi, ya ce wa uwargida ta haɗa kayan yara, an ba shi aiki a ƙasar waje. Shafi ɗaya na sallama da dangi, shafi ɗaya a filin jirgin Malam Aminu Kano, na uku kuwa sai ga mu a wani tsibiri mai shuɗin ruwa da farin yashi da bishiyoyin kwakwa, yara suna guje-guje a bakin teku, iyaye suna kallonsu suna shan lemo. Daga nan marubuciya ta rubuta Alhamdulillahi, ta yi godiya ga masoya, ta ajiye biro.

'Yan fim ma ba a bar su a baya ba. Su nasu ya fi sauƙi: a nuno jirgi yana tashi, a rubuta sunan wata ƙasa a ƙasan allo, sai a nuno jarumi da jaruma a falon wani otal da duk mai ido ya san a Abuja yake ko a Nasarawa ta Kano. Yaran kuwa, in ma an tuna da su, za ka gan su zaune a kan kujera da kwalin biskit kamar an aro su daga maƙwabta.

Ba wai ina ƙyashin daɗin da ake jiyar da taurarin labari ba ne. Mu mutanen wannan yanki mun daɗe a cikin wannan muhawara. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda ta rubuta Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, tana cikin waɗanda suka koya wa 'yan mata a shekarun 1990 cewa mace za ta iya yin ilimi mai zurfi, ta yi arziki, ta kuma riƙe gidanta. Farfesa Ibrahim Malumfashi kuwa shi ne ya laƙaba wa littattafan wancan zamani sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta kai ruwa rana da shi a jaridu. Mu a Ɗanja duka biyun maƙwabtanmu ne, mun karanta wannan mun saurari wancan. Ni dai ban taɓa ganin laifin marubuci don ya sa mai karatu ya yi mafarkin daula ba. Ƙorafina shi ne marubutanmu suna rufe littafi a daidai wurin da ya kamata su buɗe shi. Ranar da iyali suka sauka a baƙuwar ƙasa da ƙananan yara, ranar ce ainihin labari ya fara, kuma shi ne har yau aka ƙi ba mu.

Bari in faɗi abin da ya sa abin yake ci mini rai. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke auren wani likita. Ya samu aiki a Tirinidad, wani tsibiri a yankin Karebiyan, can daura da gaɓar Benezuwela. Suka tafi da yara biyu, namijin yana da shekara huɗu, macen tana da biyu, suka kuma haifi na uku a can. Sai bayan shekara shida Allah ya nufa suka zo gida Babbar Sallah. Ranar da suka iso Ɗanja gidanmu ya cika, mahaifiyarmu ta sa aka dama fura, aka yanka kaji, aka sayo rake da mazarƙwaila wai don yara su ɗanɗani abin garinsu. Da babban ya shigo, Inna ta miƙa masa hannu tana dariya ta ce, “A'a, maigida, sai yau? Shekara shida ka bar ni ba cefane, ina tsarabata?” Yaro ya tsaya ƙiƙam, ya waiwaya yana duban uwarsa. Uwar ta fassara masa da Turanci. Da ya ji wai tsohuwar nan cewa take yi shi mijinta ne, sai ya ruga ya ɓuya a bayan ubansa. Kowa ya fashe da dariya, har da Innar. Amma da dare, bayan an watse, ta kira ni ɗakinta ta ce, “Kai, gaya mini gaskiya, waɗannan jikokina ne aka kawo mini ko baƙi? Yanzu da wane baki zan yi musu tatsuniya?”

Washegari na zauna da ƙanwar tawa, tun kafin in buɗe baki ta ce, “Yaya, wallahi ba sakaci na yi ba.” Ta kwashe labari ta ba ni. Yara suna makaranta tun safe har la'asar, Turanci ake yi, a wajen wasa ma Turancin mutanen tsibirin ne mai nasa karin harshe. Uban yana asibiti, wani lokaci kwana yake yi. Ita kaɗai ce bakin Hausa a gidan, tana yi musu magana da Hausa suna mayar mata da Turanci, har ta gaji ta bi su. Da ta haihu babu mai yi mata wankan jego, babu mai dama kunun kanwa, ranar suna mutum shida ne a falo. Akwai Musulmi a ƙasar, yawancinsu jikokin Indiyawa ne, akwai masallatai, har hutu gwamnati ke bayarwa ranar Ƙaramar Sallah, amma masallacin da ke koyar da yara karatu yana da nisa da su, sai ranar da uban ya samu sarari. Tsakaninsu da gida awa biyar ne, lokacin da yara suka taso daga makaranta Inna ta yi shirin barci, don haka ko gaisuwar waya ba ta cika haɗuwa ba. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi, ita 'yar Ɗanja, garin da tumatir ke ruɓewa a kwando in kaka ta yi, ita ce ke ƙirga tumatir huɗu a leda tana duba farashi.

Amma fa ba ta ce ta yi da-na-sani ba, kuma nan ne labarin ya ƙara nauyi. Ta ce yaranta suna tafiya makaranta suna dawowa hankalinta kwance. Ta tuna mini da watan Disamba na 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan cikin jiharmu. Ta ce, “Yaya, in kai ne, wanne za ka zaɓa wa ɗanka, ya iya gaishe da kakarsa ko ya kwana lafiya?” Ban iya ba ta amsa ba, har yau kuma ban samu ba. To, jama'a, wannan tambaya kaɗai ai ta isa littafi mai juzu'i uku. Akwai miji da mata a ciki, akwai uwar miji, akwai kuɗi, akwai kewa, akwai hawaye, duk kayan miyar da marubutanmu ke so. Me ya sa ba a taɓa ta?

Abin mamaki, wanda ya fara taɓa ta tun kafin a haifi iyayenmu ya yi. Ina nufin Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mu a makaranta an koya mana shi a matsayin labarin bauta, kuma haka ne. Amma da na sake karanta shi bayan zuwan ƙanwata, sai na ga ashe labarin yaron da ya girma a ƙasar da ba tasa ba ne. Kuma ga ɗan Ɗanja labarin kamar a bayan gida ya faru, domin Maƙarfi, inda Makau mijin uwar Umar ya koma bayan an kore shi daga Kagara, da Fatika, inda uwar ta tafi ganin iyayenta ta bar yaron a hannun amana, duk garuruwa ne na ƙasar Zazzau da muke cin kasuwa da su.

Dubi yadda aka gina littafin. An buɗe da Umar ya riga ya zama babban malami a Rauta, sai ɗalibi ya tambaye shi asalinsa. Wato mutum yana zaune a cikin mutanensa amma sai an tambaye shi daga ina yake. Wannan ita ce tambayar da ke jiran duk yaron da aka raina a waje ranar da ya dawo. Daga nan ya ba da labarin yadda aka sace shi yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama abin da ya zama. Tafawa Ɓalewa bai ɓoye cewa yaron ya samu ilimi da daraja a can ba. Amma bai bar mai karatu ya manta da wanda ya biya kuɗin wannan daraja ba: uwar, wadda ta bar komai ta bi sawun ɗanta, ita ma aka mayar da ita baiwa, aka ratsa Sahara da ita, ba su haɗu ba sai a Tarabulus, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika.

Ba na cewa littafin ba shi da aibu. Ya yi wa Abdulkarim sassauci ƙwarai, alhali fataucin bayi yake yi. Kuma an ratsa ƙuruciyar Umar a Ber Kufa da gudu, ba a tsaya an nuna mana yadda yaro Bahaushe ya kwana ya tashi a cikin Larabawa ba, sai dai mafarkin da ya tayar masa da begen mahaifiyarsa. Wannan giɓi ne babba. Duk da haka, marubucin ya san cewa tafiya da yaro ƙasar waje riba ce da hasara a ƙulle cikin tsumma ɗaya. Fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga littafin a 1976, wanda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu, ya riƙe wannan nauyi, shi ya sa da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018 bai ji kunya ba. To, yaya aka yi jikokin wannan littafi suka mayar da ƙasar waje tukuici kawai, kamar kujerar Makka da ake ba wanda ya ci gasa?

Wani zai ce ai Bahaushe ba shi da tarihin zaman tsibiri, daga ina marubuci zai samo kayan aiki? Wannan ba hujja ba ce. Ga tsibirin Fanando Po nan a tekun Gini, kusa da gaɓar Kamaru, wanda yanzu ake kira Biyoko. A 1942 Turawan Ingila da ke mulkin Nijeriya suka ƙulla yarjejeniya da Sifaniyawa masu mulkin tsibirin, aka riƙa ɗibar leburori daga Kalaba zuwa gonakin koko. Mafi yawansu Ibo ne da Ibibiyo da Efik, suna kiran wurin Panya, amma fatake Hausawa ma sun zauna a babban garin, Santa Isabel, wanda aka mayar Malabo a 1973. Ƙasar ta samu 'yanci a 1968, mulkin Francisco Macías Nguema ya yi tsanani, har a tsakanin 1975 da 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kwaso dubban 'yan Nijeriya zuwa gida a jiragen ruwa da na sama. A cikinsu akwai yaran da a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba sai ita. Ka ɗauki yaro ɗaya daga cikinsu, ɗan mai sayar da tsire ko ɗan mai koli, wanda ya saba da ƙasar da a kudancinta ruwan sama kan haura milimita 10,000 a shekara, ka sauke shi a Funtuwa cikin hunturu leɓensa na tsagewa. Wallahi fim ne sukutum.

Ba shi kaɗai ba. Tun 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa shirin tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya aikin taimako na shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, har da tsibirai irin su Jamaika da Fiji. In kuma an bar batun tsibiri, ga zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas da mata da yara bayan yaƙin Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Ga 'ya'yan takari da aka haifa a Makka da Jidda, waɗanda in an kamo su aka sauke a Kano sai su tsaya suna zare ido, Larabci a baki, fasfon Nijeriya a hannu. Kusan kowace unguwa a ƙasar Hausa tana da irinsu, amma a finafinanmu ba su wuce abin ban dariya ba.

Maƙwabtanmu sun yi amfani da nasu. A cikin The Joys of Motherhood na Buchi Emecheta, wanda ya fito a 1979, Nnaife ya bi jirgin ruwa zuwa Fanando Po neman kuɗi, marubuciyar kuwa ba ta bi shi ba, ta tsaya a Ikko tare da matarsa Nnu Ego da yaranta, ta nuna mana yunwa da jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Abdulrazak Gurnah, ɗan tsibirin Zanzibar da ya ci kyautar Nobel a 2021, shi nasa tafiyar ta juya ce, daga tsibiri zuwa Ingila. A littafinsa Admiring Silence na 1996, mutumin ya haifi 'ya da Baturiya, ya shekara da shekaru yana ɓoye wa danginsa na gida, yana kuma shara wa iyalinsa na Ingila ƙarya game da ƙasarsa, har ranar da ya koma ƙaryar ta rushe masa a ka. Babu kishiya, babu boka, amma ba za ka iya ajiye littafin ba.

Sai kuma batun bincike, wanda shi ne ciwon da ya fi damun rubutunmu. Tsibiran Maldibs su ake yayi a littattafan waya, kowace amarya can ake kai ta. Zuwa hutun mako guda daban, zama da iyali daban. Otal-otal ɗin da ake gani a hoto kowanne a nasa ɗan tsibirin yake, nesa da inda mutanen ƙasar ke zaune. Wanda ya je aiki da yara, akasari babban birnin, Male, ko kewayensa zai nufa, kuma Male tana cikin biranen da suka fi cunkoso a duniya, gidajen haya ƙanana ga tsada. Marubuciyar da ta sa iyali suka tare a can shekara goma a wani gida mai lambu a kan ruwa, ba tare da ta gaya mana wace makaranta yaran ke zuwa ba, da wane harshe ake koya musu, wace takardar zama uwar ke riƙe da ita, wa ke biyan kuɗin asibiti, to ta nuna mana hoton kalanda ne kawai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma yau ba a da uzuri, domin wayar da ake rubuta littafin da ita, ita ce za ta amsa duk waɗannan tambayoyi cikin rabin awa.

Na san amsar furodusoshi tun kafin su faɗa: ina kuɗin da za a kwashi 'yan wasa da kyamara zuwa tsibiri? Gaskiya ne, babu. Amma wa ya ce sai an je? Rabin labarin da ya fi taɓa zuciya a nan gida yake. A zo Ɗanja a kafa kyamara a tsakar gida irin namu. A nuno tsohuwa tana jiran ƙarfe goma na dare don ta ji muryar jikan da ba ta gane abin da yake faɗa. A nuno yarinya 'yar shekara tara da aka dawo da ita aka sa ta Islamiyya, ƙawaye suna kwaikwayon maganarta suna ce mata Baturiya. A nuno uba yana lissafi, ko ya sabunta kwantiragi ko ya dawo ya buɗe ɗan asibiti a Funtuwa, ga kuɗin ƙannensa na makaranta duk a wuyansa, ga gonar gado ta rake ana shirin rabawa ba ya nan. A nuno matar da ta yi digiri amma takardar zamanta ba ta ba ta izinin aiki ba, ta wuni tana kallon bango. Wannan bai fi kuɗin fim ɗin da ake yi a falon haya ba. Abin da yake buƙata shi ne marubucin da zai zauna da waɗanda suka yi zaman, ya saurare su, da daraktan da zai yarda yaro ma jarumi ne, a ba shi magana ta hankali, a daina ajiye shi a kusurwa kamar tukunyar fulawa.

Dalilin da ya sa na nace shi ne, littattafan nan ana gaskata su. Yarinyar da ke karatu a ɗakin uwarta a Dabai ko Tandama ba ta da wata taga da take leƙa duniya sai su. In an koya mata cewa fita waje ita ce ƙarshen duk wata damuwa, ranar da aka zo neman aurenta da wannan alkawari ba za ta yi tambaya ko ɗaya ba. In kuwa an nuna mata daɗin da ɗacin tare, za ta tafi da shirinta: ta san dole ta kafe a kan Hausa a cikin gida tun ranar farko, ta san za ta nemi malamin karatu ko ta waya ne, ta san za a yi yarjejeniyar zuwa gida tun kafin a tashi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, ba mai musu, amma Hausawan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Marubucin kirki duka biyun yake ɗauka.

Kafin su koma, sai da Inna ta yi nasarar koya wa babban jikan nata abu ɗaya. In ta ce “Maigida,” sai ya ce “Na'am, uwargida,” da wani irin lanƙwasasshen harshe, ita kuwa ta yi ta dariya har da hawaye. Ranar tafiya ta ƙulle masa mazarƙwaila a leda, uwar ta ce ba lallai a bari su shiga da ita can ba, Inna ta ce to ya cinye a hanya. Marubutanmu da 'yan fim ɗinmu, don Allah ga labari nan a ƙofar gidanku. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah ya sa a ji, ya kuma dawo mana da na nesa lafiya.